Haƙorin Korau a Wuyan Goge

A Dajin Marke kowa ya san matsayinsa, wanda bai sani ba kuwa ana sanar da shi da farce. Zaki ke sarauta, amma tun da ƙiba ta kama shi ya daina fitowa, sai dai a ji wai ya amince. Giwa ce ke zama a gindin tsamiya tana jagorantar majalisa. Takan ji ta bakin kowa da haƙuri, sannan ta yanke hukuncin da manya suka riga suka yanke tun kafin a zauna. Kuraye ke tsaron gari, shi ya sa ba a barin akuya a waje. Ƙananan dabbobi suna da 'yancin magana, ba a taɓa hana su ba, illa dai akan ba su dama ne bayan an tashi.

A wannan daji akwai gida guda da ko manya ba sa ambatonsa da wasa, wato gidan dangin guza, masu haɗa goge. Gogensu ba na kowa ba ne. Sai a shekara, a sake shekara, ba su fitar da ko ɗaya ba, masu jira suna jira ba sa ƙorafi. Idan aka ja izga a kan gogen gidan, mai kuka yakan yi shiru, mai dariya ya fara hawaye, ɓauna da kanta an ga ta tsaya da ciyawa a baki ta manta da tauna.

Dalilin ƙarancin ba ɓoyayye ba ne. Goge ba ya murya sai da fatar guza, su kuwa tasu fatar suke sawa. Duk ɗan gidan da ya balaga, mace ko namiji, sai ya ɗora wutsiyarsa a kan dutsen bakin ƙofa ya ce a gaban dangi, "Fatata ta gida ce." Daga nan ya ci gaba da rayuwarsa, ya yi aure, ya sha rana ya sha damina, fatar tana nuna a jikinsa sannu a hankali. Ran da tsufa ya ɗauke shi sai a yi masa kuka, a feɗe shi cikin ladabi, a ɗaura fatar a kan ƙoƙo, a ja tsagiya, a sa wa gogen sunansa. Haka kakanninsu ke ci gaba da magana a gidajen biki.

Kafin goge ya fita kuwa, sai ya bi ta gaban wanda ake kira Kunnen Gida. Shi zai zauna, makaɗi ya goga, ya saurara. In murya ta yi, sai ya ciji wuyan gogen, shatin haƙorinsa ya zama shaida. In ba ta yi ba, ya fasa ƙoƙon ya jefa a wuta. A zamanin da ake magana, Korau ne Kunnen Gida. Kai, Korau akwai kunne! Yana iya gaya maka ko dokin da aka tsinko tsagiyarsa ya sha ruwa ran nan. Amma girman kansa ya fi kunnen nasa. Idan ana yabonsa yakan lumshe ido ya ce a bari, alhali in aka bari ransa ɓaci yake yi.

Sai ga shekarun fari. Tafkuna suka ƙafe, ƙwai da ƙaguwa suka yi wuya, tsofaffin gidan suka yi ta mutuwa da yunwa, fatunsu sun yamushe ba su moruwa. Korau kaɗai ya rage cikin dattawa, sauran duk samari ne da 'yan mata da ƙanana. A kasuwa kuma birai sun fara haɗa goge da duk fatar da suka tsinta, suna sayarwa da araha, jama'a na saye. Yunwa ta shiga gidan guza ta shimfiɗa tabarma.

Ana cikin haka Dila ya yi sallama. Shi ne bakin Alhaji Gagarau, wani ƙaton kada da ke kwance a gulbi. Gagarau bai iya sana'ar komai ba, sayen gidajen masu sana'a kawai yake yi. Shi ya sayi gidan ƙudan zuma. Har yau tulunan na ɗauke da sunansu, abin da ke ciki kuwa ruwan rake ne da aka dafa ya yi kauri. Dila ya zauna, ya yabi Korau har ya gaji, sannan ya ce Alhaji na son ya sayi gidan, ya cika rumbunsu, yunwa ta zama labari.

Bayan ya tafi, Tsahara ta zo ta tsaya a kan mahaifinta. Ita ce 'yar Korau tilo, ita ke ɗaura fata a kan ƙoƙo, hannunta ya fi na kowa, bakinta kuma ya fi hannun.

"Baba, ka ɗanɗana zumar Alhaji kwanan nan?"

"Mu ba ƙudan zuma ba ne."

"Su ma da ba masu dafa rake ba ne."

"Ke, rufe mini baki! Ƙudan zuma suna da Kunne ne? Muddin haƙorina na cikin bakina, ba kada ba, ko Zaki bai isa ya fitar da ruɓaɓɓen goge da sunan gidan nan ba. Ko so kike in zuba ido yaran nan su mutu?"

Tsahara ta dubi ƙananan da ke kwance a inuwa, haƙarƙarinsu a waje. Sai ta yi tsaki ta koma bakin aikinta.

Ranar ciniki majalisa ta cika. Aka jawo Gagarau daga gulbi, ya kwanta a gefen Giwa idonsa a rufe. Dila ya miƙe ya gyara murya.

"Ranki ya daɗe, manyan daji, ina gaisuwa. Alhaji bai zo ya canja komai ba. Wa zai ga abu mai kyau ya canja shi? Suna zai zauna yadda yake, al'ada za ta zauna yadda take. Abin da ke hana Alhaji barci shi ne, muryar da sarakuna kaɗai ke ji, me ya sa talaka ba zai ji ta ba? Ko talaka ba shi da kunne ne? Ban da haka ma, ku dubi bayan Alhaji, ku dubi bayan Baba Korau. Ai 'yan'uwa ne, rabo ne kawai ya kai ɗaya ruwa ya bar ɗaya a tudu. Wannan ba ciniki ba ne, zumunci ne."

Aka yi tafi, talakawa suka fi kowa tafawa. Sannan Korau ya tako tsakiyar fili, yana jan wutsiya a hankali don kowa ya gan shi.

"Ranki ya daɗe, sharaɗina ɗaya ne. Ba gogen da zai fita da sunan gidanmu sai da haƙorina. Wanda na ƙi, wuta. Kuma ina so mai saye ya san abin da yake saye, kada ya ɗauka ƙwarya da itace ne. Kowane ɗan gidan nan da kuke gani, fatar da ke jikinsa ba tasa ba ce, ta gida ce, ya rantse a kan dutse. Wane gida ne a dajin nan yake da irin wannan dukiya?"

Dila ya dafe ƙirji. "Allahu akbar! Ranki ya daɗe, a roƙi dattijo ya maimaita, na baya ba su ji ba. Irin wannan magana ba a barin ta ta faɗi ƙasa."

Korau kuwa, wawan tsoho, ya ji daɗi. Ya ɗaga murya ya maimaita, har ya juya ya sa 'yan gidan suka amsa da baki ɗaya cewa haka ne. Tsahara ce kaɗai ba ta buɗe baki ba. Gagarau ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Na yarda da sharaɗin," ya mayar ya rufe.

Giwa ta ɗaga hanci. "Gida da suna da duk abin da gida ya mallaka sun koma hannun Alhaji Gagarau. Haƙori ya zauna a bakin Korau. Zaki ya amince."

Gaskiya dai an cika alkawarin abinci. Ƙwai kwando-kwando, kifi har yana ruɓewa, ƙananan suka murmure, samari suka yi ƙiba fatarsu tana sheƙi. Dila yakan zo ya tsaya yana kallonsu suna ci, yana cewa su ƙara. Korau ya riƙa zagaya gida yana tambayar Tsahara ko har yanzu tana da abin cewa game da zuma.

Kafin damina ta wuce aka kawo birai gidan, wai su taya aiki. Masu neman goge sun yi yawa, Dila ya yi shela har ƙetaren gulbi, kowa ya ji cewa gogen gidan guza ya kusa zama na kowa. Aka daina jiran ƙwarya ta bushe, aka sauya tsagiyar doki da ta jaki, aka ɗaura fatar kwaɗo aka shafa mata toka don ta yi kama da ta guza. Aka jera gogen da aka haɗa a gaban Korau. Gyare, makaɗin gidan, ya ɗauki izga ya goga na farko, sai ka ce ƙofar da ba a sa wa mai ba. Korau ya fasa ya jefa a wuta. Haka ya yi ta fasawa har rana ta karkata, yana yi yana kallon Dila, yana jin kansa sarki.

"Je ka gaya wa maigidanka," in ji shi, "goge ba ya murya sai da fatar guza."

"Sai da fatar guza," in ji Dila, cikin ladabi. "Mun ji, Baba. Allah ya ƙara girma."

Ba a daɗe ba aka kira majalisa. Korau ya tafi da shirin ya ji an ba shi haƙuri. Dila ya miƙe.

"Ranki ya daɗe, Alhaji mai biyayya ne ga sharaɗi. Kunne ya ce fatar kwaɗo ba ta yi ba, mun zubar. Kunne ya ce sai ta guza, mun karɓa. To, a gaban majalisar nan aka shaida cewa fatar kowane ɗan gidan ta gida ce, gida kuwa na Alhaji ne. Abin da muke roƙo kaɗan ne, a bar mai kaya ya ɗauki kayansa."

Korau bai gane ba da farko. Da ya gane, sai ya ɗaga murya.

"Ranki ya daɗe, ai jira ake yi! Sai tsufa ya ɗauki mutum! Haka muka gada!"

"A cikin rantsuwar akwai maganar jira?" in ji Giwa.

"Ba a faɗa, ranki ya daɗe. Wa zai faɗa? Kowa ya sani!"

"Majalisa ba ta aiki da abin da kowa ya sani, da abin da aka faɗa take aiki."

"To fatar yaro ba ta murya! Ɗanya ce, ba ta nuna ba. Wallahi asara za ku yi!"

Giwa ta kaɗa kunne. Sannan ta ce ita ba ta son zalunci, kuma ba ta son gaggawa. Kada a taɓa gidan gaba ɗaya. A ɗauki guda ɗaya a gwada. In Kunne ya ƙi, a ɗauki wani a sake gwadawa, har gaskiya ta bayyana. Manya suka jinjina wannan adalci, aka ce Zaki ya amince.

Da hantsi kuraye suka zo suka ɗauki Makau, ɗan ƙanen Korau, saurayin da ake shirin yi wa aure. Ba a yi masa kuka irin na al'ada ba, ba a feɗe shi cikin ladabi ba, a bayan rumbu aka yi, ana jin ihunsa har bakin rafi. Naman aka kai gulbi. Fatar kuma aka miƙa wa Tsahara, da ɗuminta.

Ta ɗaura. Hawaye na zuba, hannu na aiki, ba ta taɓa ɗaura fata da kyau kamar wannan ba. Aka kai gaban Korau, Gyare ya goga. Muryar siririya ce, ba ciki, ba nauyi, tana fita tana mutuwa a bakin ƙofa. Korau ya ji wani abu kamar murna a cikin baƙin cikinsa. Ga hujja! In ya ƙone wannan, za su ga fatar yaro ba ta da amfani, su bar sauran. Ya fasa ƙoƙon ya jefa Makau a wuta.

"Ayya," in ji Dila. "Wataƙila wannan yana da tabo. Gobe ma rana ce."

Washegari aka ɗauki wata budurwa. Korau ya saurara, ya ƙone. Aka ɗauki wani, ya ƙone. Kullum da hantsi ihu a bayan rumbu, kullum da la'asar hayaƙi a tsakar gida. 'Yan gidan suka daina gaishe shi. Uwar Makau ta tare shi a bakin rijiya ta tofa masa yawu a fuska, ta ce ɗanta ya mutu, ko muryarsa ba a bar mata ba. Korau ya share fuska ya wuce. Ya ƙudurta a ransa cewa mai neman riba ba ya jure asara, Gagarau zai gaji kafin gidan ya ƙare. Bai san cewa mai cin naman ba ya ganin wata asara ba.

Wata rana Tsahara ta same shi a zaure. Ta rame, faratanta duk sun karye.

"Baba, ka cija."

"In na cija sun ci nasara. Za su ce fatar yaro ta yi."

"In ba ka cija ba gobe su ɗauki wani. Da hannuna nake ɗaura su, Baba. Ina ja ina lallashi, ina cewa ko wannan zai yi, ko wannan zai shiga kunnenka a huta. Kai kuma kana zaune kana ƙonewa."

"Ba su yi ba, Tsahara. Ke ma kin ji ba su yi ba."

"Na ji. To sai me? Sunan gida kake tsaro, ko mu?"

"Duka biyu."

"Allah ya ba ka sa'a," in ji ta, ta fita.

Dila yana da ido, kuma ya gaji da jira, masu saye sun fara surutu. Ya lura birai sun koyi ɗaurin fata daidai gwargwado, ya kuma lura da wadda tsohon ke bi da kallo idan ta wuce. Da majalisa ta zauna sai ya ce ya gano inda kuskuren yake. Ana ta ɗaukar na gefe, alhali ga jinin Kunne da kansa. In akwai fatar da za ta yi murya a gidan nan, ai ta 'yar Korau ce. Ya faɗi haka ne kamar mai yabo, har wasu suka juyo suna taya Korau murna.

Korau ya ruga gulbi, tsoho da shi, yana faɗuwa yana tashi. Ya tarar da Gagarau yana shan hantsi a kan yashi. Ya zube a gabansa, abin da bai taɓa yi wa kowa ba.

"Alhaji, ka ɗauki tawa. Ga ta, ta nuna, babu irinta a dajin nan. Za ta yi muryar da ba a taɓa ji ba. Ka bar mini yarinyar."

Gagarau ya yi hamma. "Ɗan'uwa, ni fa ban san murya ba. In ana goge nutsewa nake yi cikin ruwa, ciwon kai yake sa ni. Amma na san kasuwa. Fatarka goge ɗaya za ta yi, a saya a wuce wurin. Haƙorinka kuwa kullum sayar da kaya zai yi. Wa zai yanka ka? Allah ya ja kwananka. Ka ci abinci kuwa? Na ga ka faɗa."

Kafin Korau ya dawo gida kuraye sun iso. A bakin ƙofa suka haɗu, sun sa Tsahara a tsakiya. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi kokawa ba. Ta tsaya ta dube shi.

"Baba, in aka kawo ni, ka yi abin da ka ga dama. Ni dai na huta da ɗaura 'yan'uwana."

Suka wuce da ita bayan rumbu. Korau, mai kunnen da ake ji da shi a daji duka, ya ji komai, babu abin da ya wuce shi.

Dila ya ce wannan gwaji ba na tsakar gida ba ne, a gaban majalisa za a yi. Aka gayyaci manya. Gauraka ya zo da tawagarsa, shi ne babban mai sayen goge a ƙasar, ana ce masa masanin murya domin yakan karkata kai idan ana kiɗa. Aka hura wuta a tsakiyar fili saboda sharaɗi. Ragowar dangin guza aka jera su a gefe guda, kuraye na bayansu. Aka zaunar da Korau a kan buzu, aka ajiye gogen a gabansa.

Tun kafin a goga ya ga aikin birai. Fatar ta karkace, gefe ɗaya ya yi sako-sako, ƙwaryar ɗanya ce. Duk da haka ya roƙi Allah a zuciyarsa. Ba ceton kowa ya roƙa ba a wannan lokaci. Roƙonsa shi ne ta yi daɗi, ko yaya, ya ji 'yarsa sau ɗaya, ya san ba a banza ta tafi ba.

Gyare ya ɗauki izga ya goga.

Ba ta yi ba. Ta fi duk na baya muni. Wani ƙaiƙayi ne kawai a kunne, da ɗan kurman amo a ƙarƙashinsa. Babu Tsahara a ciki, ko kaɗan. Korau ya saurara har ƙarshe yana nema, bai samu komai ba, kuma wannan ya fi ihun bayan rumbu yi masa ciwo.

Gyare ya tsaya. Aka miƙo wa Korau gogen. Ya dubi wutar, ya dubi fatar, ya ga ɗan tabon da ta samu a kafaɗa tun tana rarrafe. Ya dubi danginsa, duk sun zuba masa ido, uwar Makau ta rungume autanta tana motsa baki ba sauti, tana cewa ya cija. Ya ce a ransa, shi ke nan, na gaji, a bar sauran su rayu, suna ya tafi duk inda zai tafi. Ya buɗe baki ya ciji wuyan gogen har haƙorinsa ya nutse.

Fili ya ɓarke da guɗa. Gauraka ya share hawaye ya ce shi tun jan farko ya ji, wannan ita ce tsohuwar muryar gidan, har ma ta fi ta da haske. Waɗanda ke kusa da shi suka ce su ma sun ji hasken. Dangin guza suka zube suna hamdala, wasu har suna rarrafowa su taɓa ƙafar Korau.

Dila ya bari hayaniya ta lafa, sannan ya miƙe.

"Ranki ya daɗe, yau gaskiya ta bayyana. Kunnen da ba ya ƙarya, wanda ya ƙone na ɗan'uwansa bai ji tausayi ba, ya shaida da haƙorinsa cewa fatar yaro ta kai ta tsoho. To gwaji ya ƙare. Ba sauran dalilin ɗauka ɗaya-ɗaya, wannan ma wahalar da bayin Allah ne, kullum suna cikin zullumi. Masu saye na jira tun bara. Muna roƙo a ba mu izini mu kwashe sauran gobe. Alhaji, saboda zumunci, ya ce a bar 'yan mata kaɗan da namiji ɗaya a killace su, su riƙa yin ƙwai, don kada gida mai tarihi ya ƙare."

Hamdalar ta yanke. Korau ya zabura ya miƙe.

"Ƙarya na yi! Wallahi ƙarya na yi! Ba ta yi ba! Duk cikinku ba mai kunne? Gauraka, kai ba ka ji ba? Ba ta yi ba!"

Gauraka ya kau da kai, ya ce tsufa ba daɗi.

"Subhanallahi," in ji Dila. "Baba, kada ka ɓata sunanka. Amma sharaɗi sharaɗi ne, Alhaji ba ya take alkawari. In ƙarya ka yi, ga gogen a hannunka, ga wuta ba ta mutu ba. Fasa ka jefa. Gobe mu koma gwaji, ɗaya bayan ɗaya, kamar da. Majalisa na jiranka."

Korau ya tako bakin wutar. Ya san abin da ya kamata. In ya jefa, gobe ɗaya za a ɗauka, ba duka ba, wataƙila kafin a kai ƙarshe Allah ya kawo wani abu. Ya ɗaga gogen sama. Danginsa na kuka suna kiran sunansa, yanzu roƙonsa suke ya ƙone. Zafin wutar ya taɓa fatar, ta ɗan motsa ta yi ƙara kaɗan. Sai hannunsa ya sauko da kansa, ya rungume gogen a ƙirji, ya durƙushe a cikin toka. Ya kasa.

Giwa ta ba shi lokaci, don ba a san ta da gaggawa ba. Sannan ta ɗaga hanci.

"Kunne bai ƙone ba. Haƙori ya zauna. A kwashe gobe. Zaki ya amince."

Barorin Gauraka suka zo suka ɓamɓare yatsun Korau ɗaya bayan ɗaya, suna ba shi haƙuri, domin maigidansu ya riga ya saya. Gauraka bai iya goge ba, a bangon zaurensa ya rataye shi inda baƙi za su ga shatin haƙorin.

Har yau gogen gidan guza na fita, yanzu kwando-kwando, ko a ƙauyen ƙayau ka je za ka same shi. Waɗanda aka killace suna yin ƙwai, ba a ma barin 'ya'yan su balaga, sai dai a sa su ɗora wutsiya a kan dutse su faɗi rantsuwar tun baki bai gama buɗewa ba, domin Alhaji mai kiyaye al'ada ne. Matasan daji da ba su taɓa jin na da ba suna cewa babu murya kamar ta gidan guza, kuma suna faɗa da duk wanda ya musa.

Korau yana nan da ransa, ana kula da shi sosai. Likita na duba haƙoransa, ana dafa masa abinci mai laushi don kada su zube. An yi masa rumfa a bakin ƙofa inda masu saye za su gan shi su gaishe shi. Gyare kam an sallame shi tuntuni, Dila ya ce gogawa kafin cizo ɓata lokaci ne, tsohon ma bai nemi a dawo da shi ba. Da hantsi birai kan ajiye kwandon a gabansa, fatun ba su gama bushewa ba. Ana miƙo masa, yana cizo.